Tankin sama, tankin ƙasa, ko tura ruwa kai tsaye: wanne ne ke rage kuɗin wuta?

Ruwa kaya ne mai nauyi. Lita dubu tan guda ce cif, kuma kafin ta fito a bakin famfon wani gida sai an ɗago ta daga rijiya ko kogi, an tace ta, an tura ta cikin bututu mai nisan kilomitoci, wani lokaci ma a haura da ita tudu. Duk wannan ɗawainiya wutar lantarki ce ke yin ta. Shi ya sa a ma'aikatun ruwa da dama, in ka cire albashi, babu abin da ke cin kuɗi kamar wuta. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce a harkar ruwan sha kuɗin makamashi kan kai har kashi 40 cikin 100 na kuɗin gudanar da aiki. Hukumar Makamashi ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a 2014 harkar ruwa gaba ɗayanta ta cinye kusan kashi 4 cikin 100 na lantarkin duniya.

Idan aka zauna neman mafita, shawarar da ta fi saurin fitowa ita ce a gina tanki, a cika shi da dare lokacin da wuta ke araha, gari na wayewa a kashe injuna, ruwa ya gangaro da kansa. Shawarar tana da gaskiya, amma ba ko'ina take ci ba. Akwai inda za ta rage kusan sulusin kuɗin wuta, akwai kuma inda za a gina tankin, a bi wannan tsari sau da ƙafa, ƙarshen wata takardar kuɗi ta zo ta fi ta da. Abin da nake so mai yanke shawara ya riƙe tun daga farko shi ne, tanki ba ya rage wa ruwa nauyi ko kaɗan. Abin da yake ba ka shi ne ikon zaɓar lokacin da za ka ɗaga ruwan da kuma gudun da za ka ɗaga shi. Darajar wannan iko kuwa ta dogara ne ga abu uku: yadda kamfanin lantarki ke cajin ka, faɗin bututunka, da yanayin ƙasar da garin yake kai.

Ta ina ragin ke fitowa?

Mutane ba sa shan ruwa daidai wa daida cikin yini. Da sassafe kowa na wanka da girki, da yamma a sake, tsakar dare kuwa kusan ba wanda ke buɗe famfo. A awar da aka fi ɗibar ruwa, buƙata kan ninka matsakaiciyar ta yini sau ɗaya da rabi zuwa sau uku, kuma ƙananan garuruwa sun fi manya wannan hawa da sauka. In babu tanki, dole injin tura ruwa ya bi wannan rawa awa bayan awa. In akwai tanki, shi ne zai riƙa ɗauka yana bayarwa, inji ya tsaya kan gudu ɗaya.

Ragi na farko daga farashi yake. Kamfanonin lantarki da yawa suna sayar wa manyan masu amfani da wuta a farashi daban daban bisa lokaci: araha da dare, tsada da yamma sa'ad da kowa ya kunna komai. Na biyu shi ne cajin ƙololuwa, wato kuɗin da ake ɗora maka bisa mafi girman ƙarfin da ka ja a cikin wata, ko da na minti 15 ko 30 ne kawai. Ka kunna injuna huɗu a tare na rabin awa rana ɗaya, ka biya kuɗin wannan rabin awa a takardar wata guda. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne lafiyar aikin injin kansa. Kowane inji yana da zangon da aka ƙera shi dominsa, inda yake mayar da mafi yawan wutar da ya sha ta zama turin ruwa. In aka matsar da shi daga wannan zango, ɓarna ta ƙaru.

Wannan ɓarna ana iya ganin ta da ido a ɗakin injuna. Za ka tarar da babban inji yana gudu iyakar ƙarfinsa, a gabansa kuma an murɗa bawul, wato abin da ke buɗe hanyar ruwa ko rufe ta, an rufe rabi don kada ruwa ya yi wa bututu yawa. Ka ɗora hannu a jikin bawul ɗin za ka ji yana rawa, ka kasa kunne ka ji ƙara kamar ana gungura tsakuwa a ciki. Wutar da aka biya kuɗinta ce ke narkewa a wurin. Tanki yana ba da damar a buɗe bawul ɗin gaba ɗaya, inji ya yi aikinsa a zangonsa, tanki ya cika, a kashe shi ya huta.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a kira magina

Ɗaga lita dubu zuwa tsayin mita ɗaya yana cin kusan yunit 0.0027 na wuta, da a ce inji ba ya ɓarna. Yunit a nan shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Inji da motar da ke juya shi kuwa in sun ba ka kashi 70 cikin 100 na abin da suka sha, sun yi aikin kirki. Sai dai ba tsayi kaɗai inji ke yaƙi da shi ba. Ruwa yana gugar bangon bututu, kuma wannan guga tana ƙaruwa fiye da yadda gudun ruwan ke ƙaruwa. Ka ninka gudu sau biyu, guga ta ninka kusan sau huɗu. Ka ninka sau uku, ta kusa ninkawa sau takwas. A nan gizo ke saƙar.

Ga misali na lissafi, da alƙaluman da na zaɓa don a ga yadda abin ke tafiya. A ce gari yana shan lita miliyan 5 a yini. Tanki yana tsayin mita 40 sama da injuna. Idan ana tura ruwan a hankali cikin awa 24, gugar bututu tana cin abin da ya kai tsayin mita 5. A ce kuma farashin wuta awa 8 na dare maki 1 ne, awa 11 na rana maki ɗaya da rabi, awa 5 na yamma maki 3.

In aka bar inji yana aiki dare da rana ba tsayawa, zai sha kusan yunit 876, da ƙarfin da bai kai kilowat 37 ba, kuɗin yini ya kama kusan maki 1,440. In aka ce da dare kawai za a tura, dole ruwan ya yi gudu ninki uku, gugar da take mita 5 ta koma kusan mita 38, wutar da za a sha ta haura yunit 1,500, kuɗi ya wuce maki 1,500. An gudu ba a tsira ba. Kuma ba a ma taɓo cajin ƙololuwa ba, domin yanzu ana buƙatar injuna masu jan kilowat 190, ninki biyar na da. Amma in aka ce a kauce wa awa 5 na yamma kaɗai, a yi aiki sauran awa 19, guga ba ta kai mita 8 ba, wuta yunit 928, kuɗi kusan maki 1,200. An rage kashi 17 cikin 100, ba tare da an canza bututu ba.

Yanzu a canza abu ɗaya tak. A ce bututun gajere ne mai faɗi, gugarsa mita 1 kacal. A nan turin dare kaɗai zai rage kusan kashi 30 cikin 100. Gari ɗaya, tanki ɗaya, farashi ɗaya, amma bututu ya juya hukuncin. Don haka duk wanda ya zo maka da alƙawarin ragi bai tambayi faɗin babban bututunka da shekarunsa ba, bai fara lissafi ba tukuna. Tsohon bututun ƙarfe da tsatsa ta cinye cikinsa gugarsa ta fi ta ranar da aka binne shi nesa ba kusa ba.

Girman tankin ma yana bin wannan zaɓi. Mai tura ruwa awa 24 yawanci tankin da ke ɗaukar kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na ruwan yini ya ishe shi daidaita hawa da sauka. Mai kauce wa awannin yamma zai buƙaci abin da ya kai sulusi. Mai turin dare kaɗai sai ya ajiye kusan duk ruwan da za a sha daga asuba zuwa dare. A kan wannan kuma a ƙara ajiyar kashe gobara da ta ranar da inji ya lalace, waɗanda ba a taɓa su don neman arahar wuta.

Tankin sama da ɗan'uwansa na kan tudu

Tankin da ke tsaye a kan ƙafafu ko kan ginshiƙin kankare shi ne wanda kowa ya sani. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsin ruwa kusan bar ɗaya a ma'aunin matsi, don haka tanki mai tsayin mita 30 zuwa 40 ya ishi unguwa mai gidaje ƙasa da 'yan benaye. Babbar falalarsa ita ce an riga an biya kuɗin ɗaga ruwan da ke cikinsa. A awannin tsada ana kashe injuna gaba ɗaya, ba a jan ko kilowat ɗaya. In wuta ta ɗauke, famfo bai san an yi ba sai bayan wasu awanni. Wannan na ƙarshe ya wuce maganar kuɗi: bututun da matsinsa ya faɗi yana zuƙo ƙazantaccen ruwa daga ƙasa ta duk inda yake yoyo, kuma tankin sama ne ke hana hakan faruwa duk lokacin da inji ya tsaya.

Aibinsa tsada da rashin sassauci. Kowace lita da aka rataye a sama tana buƙatar ƙafa da tushen da za su ɗauke ta, su kuma jure iska da girgizar ƙasa, shi ya sa ba kasafai ake gina shi da girman tankin ƙasa ba. Sannan tsayinsa ba ya canzawa. In aka gina shi ya yi tsayi da mita 10 fiye da kima, kowace lita da za ta shiga cikinsa shekara 50 sai an ɗaga ta wannan ƙarin mita 10 ɗin a banza. In ya gaza, ba ya tura ruwa zuwa gidajen da ke kan tudu, sai a koma ƙara injuna. Na ƙarfe yana son fenti ciki da waje duk bayan shekaru goma sha wani abu, in ba haka ba tsatsa ta ci shi.

Inda Allah ya ba gari tudu a kusa, muhawara ta ƙare. Tankin kankare da aka gina a kan tudu yana ba da duk abin da tankin sama ke bayarwa, a kuɗin tankin ƙasa, kuma ana iya yin sa da girman da ake so. Abin dubawa kawai shi ne tsawon bututun da zai kai can ya dawo, da kuma ko tsayin tudun ya dace da matsin da garin ke buƙata. A ganina babu wani zaɓi da ya kama ƙafar wannan.

Akwai wani iri da ke yaudarar ido: dogon tanki kamar ganga, wanda ke cike da ruwa tun daga ƙasa har sama. A takarda yana da girma, amma ruwan saman ne kaɗai ke da tsayin da zai ba da matsi. Na ƙasan yana zaune ne yana tallafe da na sama, yana tsufa. Wanda ke lissafin awannin da zai iya kashe inji, da ruwan saman kawai zai yi lissafi.

Tankin ƙasa da injunan ƙara ƙarfi

A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa inda ake buƙatar ajiya mai yawa, tankin ƙasa ya fi araha a kowace lita, ya fi sauƙin dubawa da wankewa, kuma ana iya faɗaɗa shi daga baya. Amma ruwan cikinsa ba shi da matsi. Sai an sake tura shi, kuma a daidai lokacin da mutane ke buƙata, wato lokacin tsadar wuta.

Wannan ba ya nufin ba ya rage komai. Idan mafi nauyin aikin yana bayan tankin ne, kamar ɗago ruwa daga rijiyoyin burtsatse masu zurfi, ko turo shi daga matata mai nisa, to wannan babban aikin ana iya mayar da shi awannin araha, a bar ƙananan injuna su yi ɗan aikin ƙarshe da yamma. In rijiya tana cin mita 100 na ɗagawa, rabawa kuma tana cin mita 30, ka kuɓutar da fiye da kashi uku cikin huɗu na wutarka daga farashin yamma.

Inda tankin ƙasa ke zama asara shi ne idan ana cika shi daga babban bututun gari da ke ɗauke da matsi. Ruwa ya zo da ƙarfin mita 30, ya zube cikin tanki, ƙarfin ya mutu nan take, sannan a sake biyan kuɗi a dawo da shi. An biya sau biyu ke nan a kan lita ɗaya. Wannan abu ya yi yawa a manyan gine-gine da unguwannin da kowa ke da tankinsa na ƙasa da injinsa, kuma ba ya fitowa a takardar ma'aikatar ruwa saboda masu gidaje ne ke biya. Haka nan tankin ƙasa ba ya amfana komai in wuta ta ɗauke sai da janareta a gefe.

Tura ruwa kai tsaye, babu tanki

Abokin hamayyar tanki na gaske a yau shi ne na'urar sarrafa gudun inji, wadda ake kira VFD. Maimakon a shaƙe ruwa da bawul, sai a rage wa motar gudu. Ƙa'idar tana da daɗin ji: a rage gudu da kashi 20 cikin 100, wutar da inji ke ja ta sauko kusan rabi. Kuma da dare, lokacin da ba a ɗibar ruwa, ana iya sauke matsin gari gaba ɗaya. Wannan riba biyu ce, domin yoyon bututu yana bin matsi, matsi ya sauka yoyo ya ragu, ruwan da ba a zubar ba kuwa ba a biya kuɗin tura shi ba. Tankin sama ba ya iya wannan. Hasali ma da dare ne yake cike maƙil, wato lokacin da matsi ya fi yawa a kan tsofaffin bututu. Gari mai yawan yoyo ya kamata ya sa wannan a ma'auni, ko ya haɗa tankin da bawul mai rage matsi.

Amma waccan ƙa'ida ta rabin wuta tana aiki ne inda guga ce mafi yawan abin da inji ke yaƙi da shi. Inda tsayi ne, labari ya sha bamban. Matsin da inji ke iya bayarwa yana faɗuwa da sauri fiye da gudunsa: a kashi 80 na gudu, kashi 64 na matsi ya rage. Injin da iyakar ƙarfinsa mita 55, in aka rage shi haka ya koma mita 35. In kuwa ruwan mita 40 zai hau, ko ɗigo ba zai wuce ba, inji yana juyi yana shan wuta yana ɗumama ruwan cikinsa kawai. Ita na'urar ma tana cin kusan kashi 3 cikin 100 na wutar da ta bi ta cikinta, tana son wuri mai sanyi mara ƙura, kuma ba ta jure wutar da ke hawa da sauka. Sannan dole a sayi injuna masu girman awar da aka fi ɗibar ruwa har da gobara, a biya wutarsu a farashin yamma, a kuma ajiye janareta mai tashi da kansa cikin daƙiƙu.

Ƙaramin tankin matsi mai iska a ciki, wanda ake gani a gefen injuna, kada a ƙirga shi cikin ajiya. Kwata zuwa sulusin cikinsa kawai ake amfana da shi. Aikinsa hana inji yawan tashi da mutuwa, ba ɗauke gari na awanni ba.

Tanki ko batir?

Inda ake amfani da hasken rana, tambayar takan koma: a ajiye wuta a batir, ko a ajiye ruwa a tanki? In ka auna wutar da ke cikin tanki za ka raina ta. Lita miliyan ɗaya a tsayin mita 30 kusan yunit 82 ce kawai, abin da batirin babbar motar lantarki guda ke ɗauka. Amma tankin ba wuta kaɗai ya ajiye ba, ya ajiye aikin da aka riga aka gama: ɗagowa daga rijiya, tacewa, turowa. Batir yana zubar da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a shiga da fita, yana son canji bayan shekara 10 zuwa 15, kuma in injin ya lalace cikakken batir ba ya ba kowa ruwa. Tankin kankare da aka kula da shi yana wuce shekara 50. Ga aikin ruwa zalla, ni ina bayan tanki, batir ya tsaya ga na'urorin awo da na zuba kulorin.

Sola kuma ta fara juya tsohuwar ƙa'idar dare araha. A jihar Kaliforniya ta Amurka, saboda yawan wutar sola, tsakar rana ta zama lokacin da wuta ke yalwa, awannin tsada suka koma ƙarfe 4 na yamma zuwa 9 na dare. Tankin da za a gina yau zai rayu ya ga farashi ya canza salo sau da dama, don haka kada a ƙulla girmansa da jadawalin farashin bana kaɗai. Mai dogaro da janareta ma yana da nasa lissafin. Janaretan dizal ya fi amfani da mai idan yana ɗauke da kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma barin sa yana gudu da ɗan ƙaramin kaya yana lalata shi. Tanki yana ba da damar a tashe shi 'yan awanni da cikakken kaya a kashe.

Ruwan da ya kwana

Wannan shi ne wurin da nake roƙon a tsaya a yi tunani, domin a nan neman ragi ke iya taɓa lafiyar mutane. Kulorin da ke kare ruwa daga ƙwayoyin cuta yana raguwa da lokaci, zafi kuma yana hanzarta shi. A babban tankin da ba a juya ruwansa, sabon ruwa mai sanyi yana shiga ta ƙasa ya fita ta ƙasa, tsohon ruwa mai ɗumi ya yi zamansa a sama kwana da kwanaki. Ranar da buƙata ta yi yawa tanki ya sauka sosai, wannan tsohon ruwan ne zai shiga gidaje. Jagororin injiniya da dama suna ba da shawarar ruwan tanki ya sabunta gaba ɗaya cikin kwana 3 zuwa 5. Tankin da aka gina da girman garin shekara 30 masu zuwa zai yi wuya ya cika wannan sharaɗi a shekarunsa na farko. Gara a gina mai ɗaki biyu, ko a gina ɗaya yanzu a bar filin na biyu.

Abin daɗi a nan shi ne, tsarin da ke rage kuɗin wuta shi ne kuma ke sabunta ruwa, wato barin tanki ya sauka da yamma ya cika daga baya. Amma masu kula da injuna da yawa ba sa son ganin ruwan tanki ya sauka. Da zarar ma'aunin ya ɗan yi ƙasa sai su kunna inji, saboda su ake kira in famfo ya ƙafe, ba su ake kira a kan takardar wuta ba. Tsoronsu yana da dalili, kuma ba a kawar da shi da umarni. Sai an zauna da su an ja layi a fili: daga nan zuwa nan ruwan aikin yau da kullum ne, a bar shi ya hau ya sauka, daga nan zuwa ƙasa ajiyar gaggawa ce, ba a taɓawa. Tankin da kullum yake cike an kashe kuɗin gina shi ne ba a ci ribarsa ba.

Sai kuma kula da jikin tankin. Ka hau saman wanda aka yi shekaru ba a duba ba, za ka iya tarar da murfin ba ya rufuwa, ragar bakin iska ta yage, kashin tsuntsaye ya bushe a gefen ramin. A 1993 a garin Gideon na jihar Misuri ta Amurka, cutar salmonela ta kama mutum fiye da 600, bakwai suka rasu, kuma bincike ya danganta ta da tsuntsayen da suka samu hanyar shiga tankin ruwan garin. A 2008 irin wannan cuta ta ɓarke a Alamosa ta jihar Kolorado, inda aka samu tsagewa da ramuka a tankin ajiyar garin. Duk wanda zai sa tanki a lissafin ragi, ya sa kuɗin dubawa da wankewa a layi ɗaya.

To wanne za a ɗauka?

A fara da takardar kuɗin wuta ta shekara guda. In farashi ɗaya ne dare da rana, babu cajin ƙololuwa, wutar kuma ba ta yankewa, to gina sabon tanki don ragin wuta kaɗai da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kuɗin ya fi amfani a gyaran injuna, toshe yoyo, da na'urar sarrafa gudu. In akwai tazara mai faɗi tsakanin farashin yamma da na sauran lokuta, ko wuta ba ta da tabbas, ko da sola ake aiki, tanki mai tsayi ya cancanci kuɗinsa: na kan tudu in akwai tudu, na sama in babu. In ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, buƙata mai yawa, ruwan kuma daga nesa ko daga zurfi yake zuwa, haɗin da ya fi dacewa shi ne babban tankin ƙasa da ke ɗaukar nauyin ajiya, da matsakaicin tankin sama da zai riƙe gari awannin tsada, da injuna masu sarrafa gudu a tsakaninsu.

Wurin da aka dasa tankin ma yana da tasiri. Wanda aka sa a can ƙarshen gari, nesa da injuna, yana cika lokacin da buƙata ta yi ƙasa, sannan a awar ɗiba ruwa ya shigo gari ta fuska biyu, guga ta ragu, unguwannin ƙarshe su samu matsi. Haɗarinsa shi ne in bututun da ke kai masa ruwa ya yi siriri, ba zai cika ba kafin gari ya waye.

Duk waɗannan ana iya gwada su a kwamfuta kafin a haƙa tushe. Manhajar EPANET, wadda hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar tun 1993, kyauta ce, kuma tana lissafa matsi, hawa da saukar tanki, shekarun ruwa da kuɗin wuta awa bayan awa bisa jadawalin farashin da ka ba ta. Ga wanda yake da tanki tuni, matakin farko ma bai kai nan ba: a rubuta tsayin ruwan tankin da lokutan kunna injuna kowace awa na tsawon mako biyu, a ɗora su kusa da jadawalin farashin wuta. In aka ga injuna suna gudu daga ƙarfe 5 zuwa 9 na yamma alhali tanki yana sama da kashi 80 cikin 100, ana iya fara canza jadawalin da kashe inji ɗaya na awa ɗaya, a duba matsin unguwa mafi tsayi da kulorin ƙarshen layi, sannan a ƙara awa ta biyu.